Tatatar Ranar Lahadi

Duk wanda aka haifa a garinmu na bakin teku cikin shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, in dai iyayensa na aiki, da wuya a ce bai yi barcin rana a rumfar bayan gidan Jonna ba, ko shi ko wansa ko ɗan maƙwabtansu. Mai raino ce ta ƙaramar hukuma. Da sassafe a kawo mata yara huɗu, iyayen su wuce kamfanin kifi ko asibiti ko tashar jiragen ruwa, da la'asar su dawo su kwashi abinsu a ƙoshe, an share musu majina. Hukuma ke biyan kaso mai tsoka, iyaye su cika sauran, kowa ya samu ya fita neman abincinsa. A bazarar da nake ba ku labari Jonna ta ajiye aikin, gwiwoyi sun ce sun gaji, kuma abu ɗaya ne tak a ranta. 'Yarta tilo, Sidsel, ta haihu, hutun haihuwa ya kusa ƙarewa, ita kuwa so take a ba ta jikar ta raina. Ta yi maganar tun sanyi bai tafi ba. Sidsel ta ce za ta yi shawara, har aka ninke manyan riguna aka adana shawarar ba ta ƙare ba.

Gajeriyar mace ce Jonna, kakkaura, ga murya. In kana kan titi da hantsi ka hango wani makeken keken tura yara yana kokawa da iskar teku, kawuna huɗu cikin huluna suna leƙowa, to ita ce a baya tana turawa tana yi wa iskar faɗa. Da rana ta yanka musu baƙin burodi ta shafa niƙaƙƙiyar hanta, sannan ta naɗe kowa ruf ta jera su a rumfa, ko ƙanƙara ake yi, su yi barcinsu a waje kamar 'ya'yan kowa. Ba ta taɓa karatun raino ba. Amma ko daga bayan ƙofa ta ji kuka za ta gaya maka na yunwa ne ko na haƙori ko na iskanci kawai.

Akwai wani abu da masu raino ke yi wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba. Yaro ya wuni a hannunka kullum, ai dole wata rana a gabanka zai saki kujera ya yi tatatarsa ta farko, uwarsa na can tana fiɗar kifi. To ba a faɗa. Jonna za ta tafa masa, ta ɗaga shi sama, ta sumbace shi, da yamma kuma ta miƙa shi tana gyara masa hula ta ce wa uwar, "Ki sa ido a kansa kwanan nan, ya kusa." Shi ke nan. Ranar Litinin uban zai shigo baki har kunne, ƙirji a gaba, wai jiya a falo yaron ya taka, a gabansa, shi ya fara gani. Jonna ta dafe ƙirji ta ce kai, ashe ba ta da rabon gani. Ta yi wannan dafe ƙirjin ya fi a ƙirga, kuma ba ta taɓa ɗaukarsa ƙarya ba. A wurinta mayar wa mai kaya kayansa ne.

Ba da raino ta fara ba. 'Yar kamfanin kifi ce tun tana budurwa, a tsaye cikin ruwan sanyi, hannu duk yanka. Ta auri Preben, ma'aikacin jirgin kamun kifi, mutumin kirki mai barkwanci wanda rabin aurensu a teku ya yi shi. Da ta haifi Sidsel sai Edel, matar gidan da ke kallon nasu a tsallaken titi, tsohuwar hannu a raino, ta ce mata hukuma na neman mata. Za ki zauna a gidanki cikin ɗumi, in ji ta, ga 'yarki a gabanki. Wannan ta ƙarshen ce ta ja Jonna.

Sai da matar ofishin hukuma ta zo duba gida, ta leƙa matakala, ta jijjiga ƙofar murhu, ta sha kofi, sannan ta yi bayanin yadda tsarin yake a garin a wancan lokacin: ɗan mai raino ana ƙirga shi cikin huɗun, amma ba a biya a kansa. Gida sabon saye, kifi kuma a shekarar bai yi albarka ba. Jonna ta tsallaka ta kai wa Edel kukanta, Edel ta ce ai wannan ba abin kuka ba ne, tana da gurbi ɗaya. Hukumar da za ta biya Jonna ta raini 'ya'yan wasu, ita ce za ta biya Edel ta raini 'yar Jonna. Kowa ya ce dabara ce. Preben ma ya yi dariya ya ce wannan ƙasa tamu, har uwa sai an yi musaya. Ni dai har yau ban ga inda abin ya karkace a takarda ba, amma in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Haka aka fara. Gari bai gama wayewa ba Jonna za ta naɗe Sidsel a bargo ta tsallaka titi da ita, ta dawo da hannu wofi, ta tsaya a bakin ƙofa ta karɓi Troels, ɗan wata ma'aikaciyar jinya, yaron da ya zo duniya da niyyar kuka. Sau ɗaya a mako masu rainon unguwa kan haɗu da yaransu a ɗakin taro na coci, a baje kayan wasa a ƙasa. A nan take ganin 'yarta da rana. Wata rana Sidsel ta buga goshi a ƙafar benci ta ɓarke da kuka, ta rarrafo, Jonna na zaune da yaro a kowace cinya tana neman inda za ta sauke ɗaya, yarinyar ta wuce ta gaban ƙafafunta ko kallo babu, ta haye jikin Edel. Abin ya yi wa Jonna ciwo sosai. Ta haɗiye, ta ce wa kanta ai alama ce ana kula da ita da kyau.

Sai ga wata Lahadi. Preben na teku, gidan shiru, ba ɗan kowa sai tata. Jonna na durƙushe a kicin tana goge ƙasa, ta ɗago, ta ga Sidsel ta saki ƙafar tebur, hannuwa a sama, tana tangaɗi, ta taho har ta faɗa mata a ƙirji. Jonna ta yi kuka da hawaye a kan tsumman goge-goge. Ta ruga ofishin tasha da yarinyar a kafaɗa aka aika wa jirgin su Preben saƙo. Duk abin da aikin nan ya ɗauke mata, wannan dai ya bar mata shi, haka ta ƙudurta a ranta.

Watanni kaɗan bayan haka Troels ya taka a falonta. Ta leƙa taga tana ɗaga wa Edel hannu, tana ɗokin uwarsa ta zo ta ba ta albishir. Edel ta tsallako da takalmin cikin gida ta ce mata kul, ba a yin haka, ta koya mata abin da ake cewa. Jonna ta ga kyan abin, ta riƙe shi har ta tsufa.

Labarin Lahadin nan kuwa ya zama nata na kullum. Duk bikin ranar haihuwar Sidsel, an kafa ƙananan tutoci a kan kek, sai ta ba da shi. Ranar da aka yi wa yarinyar bikin matasa a coci, ta buga cokali a jikin kofi ta miƙe ta ba da shi. Ranar aurenta ma haka. Kuma ba ta taɓa tsallake farkonsa ba: yadda ranar Juma'a da ta je ɗauko ta Edel ta ce mata ta sa ido a kanta, ta kusa, ga shi kuwa kwana biyu kacal sai ta taka. A daidai nan masu rainon da ke wurin kan sunkuyar da kai su kama juya kofinsu. Yadda mace mai kaifin kunne irin Jonna ta yi shekara da shekaru tana furta kalmomin nan da bakinta, da yamma ga iyaye, da dare ga baƙi, ba ta taɓa haɗa biyun ba, wallahi ban sani ba. Ko dai ba ta so ta haɗa ne.

Sidsel ta tashi yarinya mai shiru. Ba ta da zaɓi ma. Ta dawo daga makaranta ta tarar ana barci a rumfa, uwar ta tare ta a ƙofa da yatsa a baki. 'Yar tsanarta ta zama ta kowa, an cinye mata kunne ɗaya. In ta kawo ƙara sai a ce ke babba ce, su ƙanana ne, kuma baƙi ne. Jonna na tsoron abu ɗaya a duniya, kada wata uwa ta ce ta fifita 'yarta a kan ɗanta, don haka ko alewa za a raba Sidsel ce ta ƙarshe. Yarinyar ta koyi ajiye jaka ta tsallaka titi. A kicin ɗin Edel take aikin makaranta, a nan ta koyi saƙa, a nan ta fara faɗin sunan saurayi. Ba su taɓa yin faɗa da uwarta ba, ko sau ɗaya, kuma ni a ganina da sun yi da ya fi. Da Edel ta tsufa aka kai ta gidan tsofaffi, Sidsel ce ke shiga jirgin ƙasa daga garin da take aiki ta je ta tsefe mata gashi. Ranar jana'izarta ita ta zauna a bencin gaba tare da dangi, Jonna da Preben na baya. Preben ma bai daɗe ba ya bi ta.

Ranar walimar ajiye aiki ɗakin taro na coci ya cika. Ƙarti masu gemu da 'yan mata masu ciki suna layin rungumar Jonna, dukkansu ta taɓa canza musu kunzugu. Troels ya zo, ya zama wani ƙaton mai gyaran lantarki, ya ɗaga ta sama cak ya ce har yanzu in ya ji warin hanta da baƙin burodi barci ke kama shi. "Sauke ni, sarkin kuka," in ji ta, "kai ne sanadin furfurata ta farko." Uwarsa, tsohuwa yanzu, ta miƙe ta ba da labarin yadda ya fara tafiya a gida ranar Asabar a gaban talabijin, Jonna ta gyaɗa kai da fuskar mai jin sabon labari. Da aka ce ta yi jawabi, ta lissafa yara ta ba da labarin kowa, wanda ya cusa wake a hanci, wadda ta ciji matar ofis, mutane na ta dariya. Ta juyo wajen Sidsel da ke zaune da jaririya Vilma a cinya, ta ba da na Lahadi. Sidsel ta yi ɗan murmushin nan nata da ba ya kaiwa ido.

A wurin wanke kofuna ne Sidsel ta ba uwarta amsar maganar rainon jikar. Ta ce an ba Vilma gurbi a gidan raino na hukuma kusa da ofishinta, za ta fara ƙarshen bazara. Amma kafin nan za ta riƙa shiga aiki ranar Alhamis, in Mama na so za ta riƙa kawo mata ita, su gani. Jonna ta ce to. Abin da ta kama shi ne "mu gani" ɗin. In ta yi rainon da ba a taɓa yi ba, in Sidsel ta ga yadda yarinyar ke ƙiba tana walwala, wa ya sani, gurbi ai ana mayarwa. Ta wanke tsohon keken barci, ta sake wa rumfa fenti, ta ɗauko abin da ya rage na 'yar tsanar nan mai kunne ɗaya.

Alhamis ta zo ta wuce, wata ta zo. Vilma 'yar ɓul-ɓul ce mai son mutane, ba ta yi ƙiwa ba ko ta yini ɗaya. Jonna ta gano ashe yaro ɗaya a gida wani abu ne daban. Ba wanda ke jan rigarta ta baya, ba wanda za a ce ya jira. Takan zauna a ƙasa ta yi ta kallon yarinyar tana fama da murfin tukunya, sai ta ga ba ta tuna ta taɓa zama haka da Sidsel a ranar aiki ba.

Wata Alhamis bayan barcin rana, Vilma na tsaye riƙe da kujera, Jonna ta miƙa hannu za ta ɗauko cokalin da ya faɗi, yarinyar ta saki kujerar ta taho. Tana tangaɗi, tana dariya, har ta kama gwiwar kakarta. Jonna ta rungume ta ta daɗe ba ta sake ta ba. Sannan tsohon hali ya dawo. Ta share ido, ta ɗora ruwan kofi, ta shirya fuska.

Da la'asar Sidsel ta shigo a gajiye, jakar aiki a kafaɗa, ta durƙusa a bakin ƙofa tana sa wa yarinyar takalmi. Jonna ta miƙo hula, ta ce cikin muryar da ta saba, "Ki sa ido a kanta kwanan nan, ta kusa."

Hannun Sidsel ya tsaya a kan takalmin. Ba ta ɗago ba. "Mama, a gidan nan fa na girma," in ji ta. "Daga ina zuwa ina?"

Jonna ta buɗe baki za ta dafe ƙirji, ta ga ba wurin yi. Ta nuna kujerar, ta nuna inda ta zauna. Sidsel ta kalli ɗan tsakanin, ta zauna daɓas a ƙasa da rigar ofis, hawaye na zuba, ta ce duk makon nan a gida take, ranar nan ɗaya kawai ta fita. Tausayi ya kama Jonna. Ta rasa abin rarrashi, sai ta ɗauko wanda take da shi. Ta ce ta yi haƙuri, ta san zafin, ita ma dai Allah ne ya taimake ta nata ya faɗo ranar Lahadi, don ranar Juma'ar ma da ta je ɗauko ta Edel ta ce mata...

Ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya da hular a hannu. Agogon bango na ta aikinsa, Vilma na ƙoƙarin cire takalmin da aka sa mata.

"Ranar Laraba ce," Sidsel ta ce a hankali. "Daga murhun Edel zuwa kwandon kyanwa. Ni na tambaye ta, ina 'yar sakandare, don na gaji da jin kina gaya wa iyaye kalmar nan."

Wanzami ba ya son jarfa. Abin da ya fara zuwar wa Jonna fushi ne, fushi da matar da ke kabari, fushi da duk masu juya kofi. Ta tambayi 'yarta yadda aka yi ta bar ta ta miƙe a gaban jama'a ranar aurenta tana ba da labarin da ba haka yake ba.

"Shi kaɗai ne labarina da kike da shi, Mama. In na karɓe, da me zan bar ki?"

Jonna ta laluba a ranta, da gaske ta laluba, tana neman wani ta jefa mata. Na Troels suka zo, na mai wake a hanci, na mai cizo, yara birjik kowa da nasa. Na Sidsel kuwa sai yarinya a bakin ƙofa da jakar makaranta, ana ce mata ta yi shiru.

Sidsel ta miƙe ta saɓa 'yarta. A bakin ƙofa ta faɗi abin da ta yi wata da watanni tana taunawa. Ta ce ba don ta raina rainon uwarta ta karɓi gurbin ba, ta san duk ƙasar nan ba wadda ta fi ta. Don haka ne ma. A gidan raino hannu da yawa ne za su juya yarinyar, ba wadda za ta zame mata Edel. "Ke kuwa za ki zama. Ni kuma in zama mai zuwa ɗauka da yamma. Na ga yadda wannan yake, ba zan iya ba." Ta karɓi hular daga hannun uwarta, ta sumbace ta a kumatu, ta ce sai Alhamis.

Ƙarshen bazara Vilma ta fara zuwa gidan raino. An bar wa Jonna Asabar ɗaya-ɗaya, ta karɓa ba ta yi ƙorafi ba. Ba wanda ya sake jin labarin Lahadi daga bakinta. In iyaye matasa sun tare ta a kanti suna tambayar ko su kai yaro raino, takan ce su kai mana, abin alheri ne, ita da idonta ta ga matan da ya fitar daga ƙangi, kuma har zuciyarta take faɗa. In an tambaye ta ko da za a koma baya za ta sake tsallaka titin nan da bargo, sai ta ce kifi ya yi tsada bana.

Gidan Edel yanzu wasu ma'aurata ne baƙi a ciki. Wata safiya Jonna ta yi kek ta ƙwanƙwasa musu, wai gaisuwar maƙwabtaka, bayan sun shekara biyu a layin. Matar ta shigar da ita kicin. An sake komai, an cire tsohon murhu, amma Jonna ta san inda yake, ta san lungun da kwandon kyanwa ke zama. Ta tsaya tana kallon ƙasan, matar na tambayarta ko da madara take shan kofi. Da ta ɗago sai idonta ya faɗa kan taga. Ga tata tagar can a tsallaken titi, fes, har tukunyar furen da ke kai ana gani. A can jikin tagar tata Jonna take tsayawa kullum da rana tana yanka burodi, bayanta ga titi, don ta riƙa ganin yaran.